Sha'awa da Baiwa Wajen Zaɓen Fannin Karatu

Duk ɗalibin da ya zauna cike takardar JAMB, hukumar da aka kafa a 1978, wajibi ne ya zaɓi fanni tun kafin jarrabawa, domin fannin ne ke ƙayyade darussa huɗun da zai rubuta. Mai neman likitanci a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, alal misali, ba makawa ya rubuta Turanci da Bayoloji da Kimistiri da Fiziks, kuma komai shauƙinsa na ceton marasa lafiya, muddin Kimistiri ya gagare shi tun a sakandare, to, shekaru shida na karatun za su zame masa azaba.

Sai dai baiwa kaɗai, a ganina, ba ta wadatar ba, domin yaron da Allah ya hore wa lissafi, aka tura shi injiniyanci alhali ransa na ga shari'a, sau da yawa himmarsa takan mutu. Abin da ya dace shi ne mahaifi ya ɗauko sakamakon shekaru ukun ƙarshe, ya zauna da malaman yaron, a ware fannonin da hazaƙarsa ta tabbata a cikinsu, sa'an nan, bayan istihara, a bar shi ya zaɓi wanda ransa ya kwanta da shi.