Ko Kun Sani? Murhu Mai Lilo a Tsakiyar Teku

A kicin ɗin jirgin ruwa mai tafiya da iska, murhu lilo yake yi. Iska kan karkatar da jirgin da digiri 15 zuwa 20, shi ya sa ake rataye murhun a kan ƙusoshi biyu, jirgi ya karkata, tukunya na nan daram. Ƙofar kabad kuwa maganaɗisu kaɗai ba ya riƙe ta. Gwangwani ɗaya ya gangaro daga ciki, sai ta wangale, don haka ake sa mata sakata mai maɓalli. Akwai tsohon samfurin da ake zura yatsa a rami kafin a buɗe. Wannan kam abin gudu ne, domin igiyar ruwa na iya wurgar da mutum yatsansa na ciki, ya karye.