Harsashi mai araha: yadda ake gane nagari kafin ya ci hannun mai shi

Da zarar an kwashe amfanin gona, mafarautan gabashin Sakkwato kan sauko da bindigoginsu su shafa musu mai. Daga Maikujera zuwa fadamun Wurno da gefen madatsar ruwa ta Goronyo, farauta tsohuwar sana'a ce, sai dai kayan aikinta sun yi tsada. Galibin harsashin farauta daga waje ake shigo da shi, don haka duk lokacin da naira ta faɗi, farashinsa kan tashi, mai saye kuma ya karkata ga mafi sauƙi. Hausawa sun ce araha ba ta ado, amma ba kowane harsashi mai araha ne marar kyau ba. Abin da ake buƙata shi ne sanin inda maƙerinsa ya rage kuɗi.

Abubuwa huɗu ne suka haɗu suka zama harsashi: kwanso, albarushi, dalmar da ke fita, da ɗan ƙyastun da ke gindin kwanso, wanda allurar bindiga ke sara ya ba da wuta. Wasu kamfanoni kan yi kwanson da ƙarfe maimakon tagulla. Wannan ragi ne da ba ya hana harbi, ko da yake ƙarfe ya fi saurin tsatsa. Ragin da ke da haɗari shi ne na rashin daidaita awon albarushi, domin ido ba ya ganinsa.

Binciken farko a kwali yake. Kwalin kamfani na gaskiya yana ɗauke da girman harsashin da lambar rukunin da aka ƙera shi a ciki. Na ƙasashen Turai da dama kan zo da tambarin CIP, hukumar da aka kafa a 1914 don gwada ƙarfin bindigogi da harsasai, a Amurka kuwa ƙungiyar SAAMI ce ke tsara ma'auni tun 1926. Harsashin da ake sayarwa ɗai-ɗai a leda, ba kwali ba lamba, ba shi da shaidar asali. Bayan kwali sai a jera su a duba. Kwanson da ya tsage, ko ya kumbura, ko ya yi kore-kore, a ware shi. Haka wanda bakinsa ya nuna alamar an buɗe an sake rufewa, domin akwai masu tsince kwanson da aka harba su sake cika shi da ka, ba da ma'auni ba. Tsawo ma abin lura ne: a bindigar farauta mai lamba 12 akwai harsashi mai milimita 70 da mai 76, kuma cusa dogon a bindigar da aka yi don gajeren yana ƙara matsi fiye da yadda aka tsara mata.

Hukunci na gaskiya kuwa a filin koyon harbi ake yanke shi. Masu harbin saiti ba sa yaba harsashi don ya sami tsakiyar allo sau ɗaya. Wannan sa'a ma tana bayarwa. Sukan ɗora bindigar a kan matashi don kada rawar hannu ta shiga lissafi, su harba biyar a nisan mita 50 ko 100, sannan su auna tazarar da ke tsakanin hudoji biyu mafi nisa da juna. Sai su maimaita sau uku ko huɗu. Idan hudojin sun taru wuri guda, ko da a gefen allo ne, harsashin nagari ne, saiti kawai za a gyara. Idan suka warwatsu sama da ƙasa, alama ce ta cewa gudunsu ba ɗaya ba ne, kuma sau da yawa awon albarushi ne ya bambanta. Abin da ke ba sabon shiga mamaki shi ne, kwalin da ya yi kyau a wannan bindiga yana iya watsewa a waccan, shi ya sa gwanaye ke sayen kaɗan su gwada kafin su zuba kuɗi.

Kunne ma yana da nasa aikin. Idan aka ja kunama ba a ji ƙara ba, ba a gaggauta buɗe bindiga. Ana barin bakinta yana kallon allo na aƙalla daƙiƙa 30, domin wani harsashin jinkirin tashi yake yi. Mafi muni shi ne wanda ya tashi da ƙara mai rauni, bindigar ba ta doki kafaɗa yadda ta saba ba. Mai yiwuwa dalmar ta maƙale a cikin bututu, kuma harbi na biyu a kanta kan fasa ƙarfen a daidai inda hannu da fuska suke.

Wani lokaci laifin ba na kamfani ba ne, na ajiya ne. Zafin bazarar Sakkwato, wanda kan haura digiri 40, da danshin damina a fadamun Rima, duk suna lalata albarushi da ƙyastu a hankali. Akwati mai rufi a ɗaki mai sanyi ya fi ƙarƙashin kwano ko cikin mota. Masu bindigar toka kuma su kiyaye: albarushin harsashin zamani ya fi ƙarfin bututunta nesa ba kusa ba.

Duk wannan yana bayan sharaɗin doka. Dokar Bindigogi ta 1959 ta kasa makamai gida uku: waɗanda aka haramta sai da izinin Shugaban Ƙasa, na farauta da wasanni da Sufeto Janar na 'yan sanda ke ba da lasisinsu, da irin bindigar toka da ke hannun Kwamishinan 'yan sandan jiha. Harsashi ma ba ya halatta a hannun wanda ba shi da lasisi, kuma a 2023 rundunar 'yan sanda ta sanar da dakatar da bayar da sabo. A yankin da 'yan bindiga suka addaba kamar Rabah da Goronyo, ɗan kasuwa ko ma'aikacin da aka tare a shingen bincike da harsashi marar takarda ba tambayar ingancinsa za a yi masa ba.