Birki Ba Ya Tsinkewa Sai Ya Yi Gargaɗi

Duk lokacin da tirela ta afka cikin kasuwa, ko bas ta faɗa rami da fasinjoji, bayanin da ake ji kusan ɗaya ne: birki ne ya tsinke. Daga nan sai a yi salati, a yi jana'iza, a rufe maganar. Amma duk bakaniken da ya san aikinsa zai gaya maka cewa da wuya birki ya mutu farat ɗaya. Yakan yi makonni, wani lokaci watanni, yana kuka, yana laushi, yana jan mota gefe, mai ita yana ji yana cewa sai an samu kuɗi. Ke nan yawancin abin da muke kira tsinkewar birki gyara ne da aka yi ta ɗagawa har ya zo da asarar rai.

Aikin birki shi ne ya mayar da gudu zafi. Idan direba ya taka, ƙafarsa tana tura man birki ta siraran bututai zuwa ƙafafun mota huɗu, man ya matse takalman birki a jikin faifan ƙarfen da ke juyawa tare da taya, ko a cikin diram a ƙafafun baya na wasu motoci. Wannan gogayya ce ke tsayar da mota, ita ce kuma ke cinye takalman sannu a hankali. Kaurin sabon takalmi yakan kai milimita 10 zuwa 12, idan ya koma kamar 3 to lokacin canji ya yi. Shi ya sa ake maƙala wa yawancinsu wani ɗan harshen ƙarfe wanda ke fara taɓa faifan yana siririyar ƙara da zarar takalmin ya kusa ƙarewa. Da gangan aka yi shi domin ya dami kunnen direba. Wanda ya yi biris da ita, nan gaba kaɗan zai ji gurnani, ƙarfe yana cin ƙarfe. Ciro tayar ka duba, za ka ga faifan ya yi zane-zane masu zurfi da farce ke maƙalewa a ciki, kuɗin gyara kuma ya ninka.

Sauran alamun ma ba ɓoyayyu ba ne. Birkin da ya yi laushi, ko yake nitsewa ƙasa, ko sai an taka sau biyu kafin ya kama, yana nuna iska ta shiga bututu ko mai yana yoyo. Motar da ke karkata gefe idan an taka, ƙafa ɗaya ce ke kamawa fiye da 'yar'uwarta. Sitiyarin da ke rawa a hannu yayin tsayawa yakan nuna faifan bai cinye daidai ba. Man birki kuwa ba ya ƙonewa kamar baƙin mai, saboda haka idan ya ragu a gorarsa, ko dai takalma sun cinye ko akwai inda yake zuba, kuma ƙara shi ba tare da neman dalili ba rufe ciwo ne. Haɗarin da ido ba ya gani shi ne man yana shan danshin iska. Nau'in DOT 3 sabo ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 205, amma idan ya sha danshi yana iya tafasa a 140. A doguwar gangara irin ta Hawan Kibo a hanyar Jos zuwa Akwanga, direban da ya sa mota a firi don tsimin fetur ya ɗora wa birki dukan nauyin motar. Man ya tafasa ya zama tururi, direban ya taka ya ji ƙafarsa ta tafi har ƙasa. Maganin wannan sananne ne: canza man duk shekara 2 kamar yadda kamfanoni da yawa ke cewa, da sauka gangara da ƙaramar giya domin inji ya riƙe motar.

Wani zai ce, malam, kana magana kamar ba ka san tsadar kayan gyara ba. Gaskiya ne, direban haya da ke biyan balas kullum, ga fetur, ga cefane, ba ya raina kuɗin takalmin birki. Sai dai dabarun da ake yi don kauce wa wannan kuɗi su ne suka fi komai tsada. Akwai masu zuba ruwan sabulu a madadin man birki, alhali ruwa yana tafasa a digiri 100, yana kuma sa tsatsa a bututu. Akwai masu toshe bututun ƙafar da ke yoyo su ci gaba da lodi da birkin ƙafa uku. Akwai masu sayen jabun takalmi wanda ke santsi da zarar ya ɗauki zafi. Araha ba ta ado. A kan wannan raunin kuma sai a ɗora lodi fiye da ƙima da gudun wuce sa'a, alhali idan gudu ya ninka sau biyu, tazarar da birki ke bukata kafin ya tsayar da mota tana ninkawa sau huɗu. Kuɗin takalma huɗu da gwangwanin mai ba su kai kuɗin jinya a asibitin ƙashi ba.

Wani kuma zai ce ƙaddara ta riga fata, ko sabuwar mota ma tana haɗari. Babu mai musun ƙaddara, amma malamai sun daɗe suna karantar da mu cewa tawakkali yana tafiya ne tare da riƙo da sababi. Masu ƙera motoci ma sun yi nasu tanadin: fiye da shekara 50 ke nan ake raba hanyar man birki gida biyu, ta yadda idan ɗaya ta fashe ɗayar za ta ci gaba da riƙe ƙafa biyu, jar fitila kuma ta kunnu a gaban direba. Kafin birki ya shanye gaba ɗaya, galibi sai an tsallake gargaɗi fiye da ɗaya. Mutumin da ya ga fitilar nan ya yi wata yana yawo da ita, bai kamata ya jingina wa ƙaddara abin da ya biyo baya ba.

Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa tana kan titunan Nijeriya tun 1988, ga kuma jami'an duba lafiyar motoci, amma ba za su leƙa ƙarƙashin kowace mota ba. Binciken da ke ceton rai a gida da tasha yake faruwa. Mai mota ya buɗe bonet ya duba gorar mai kowane mako, ya taka birki kafin ya tashi, ya sa a duba takalma duk lokacin juye. Shugabannin tasha su hana lodi ga motar da birkinta ke gurnani, ko ta wace ce. Fasinjan da ya ga direba yana famfa birki kafin mota ta tsaya, yana da haƙƙin ya ce a sauke shi, domin kuɗin mota ya biya, bai sayar da ransa ba.