Ka Yi Wa Mota Sabon Fenti? Dakata Kafin Ka Shafa Mata Wakis

Waɗanda data ba ta bari su saurari muryar ba, ga rubutun nan kamar yadda muka saba kawo muku.

Yau maganar mota za mu yi. A Turai da Amurka akwai motocin da ake gyarawa musamman don baje koli, a jera su mutane su zo kallo. Mu a nan Sakkwato, baje kolinmu shi ne ranar Sallah da ranar kai amarya. Duk wanda ke zaune a Minanata ya san da lokacin ya ƙarato, wurin masu fenti cika yake yi. Wani motarsa ce za ta ja ayarin biki, wani dillali ne yana son ta yi kyan gani, wani kuma kawai son motarsa yake yi. Mutum ya tara kuɗi wata da watanni ya biya fenti, washegari ya wuce wurin wanki ya ce a shafa mata duk abin da zai sa ta ƙyalli. A nan asarar take farawa.

Bari mu fara da fentin kansa. Fentin motocin yanzu hawa-hawa ne. Akwai na share fage da ake fesawa a kan ƙarfe, sai kalar, sai kuma kiliya a sama, wato wannan mai kama da gilashi da ke ba da sheƙi. Kiliyar mota daga kamfani kaurinta bai wuce maikiron 40 zuwa 50 ba, bai ma kai kaurin gashin kai guda ɗaya ba. Duk abin da za ka shafa, a kan wannan ɗan siririn abu kake shafa shi.

A kamfani ana gasa fenti da zafin da ya kai wajen digiri 140, tun ba a saka kujeru da wayoyi da robobi ba. Shi ya sa sabuwar mota take fitowa fentinta ya riga ya ƙeƙashe. Mai fentinmu ba zai iya haka ba, don komai na motar zai narke. Ko fentin obin ne, zafin yana tsayawa ne wajen digiri 60, da yawa kuma a iska ake barin shi ya bushe. Sai ka taɓa ka ji ya bushe, amma tinar da aka dama fentin da ita tana nan a ciki, tana fita a hankali. Wannan fitar kan ɗauki kwana 30 zuwa 90, gwargwadon irin fentin da yadda aka busar da shi. Idan ka rufe shi tun tinar ba ta gama fita ba, fentin na iya dusashewa ko ya daɗe bai yi tauri ba. Kamar ka rufe tuwo da zafinsa ne a cikin leda, kowa ya san gumin da zai yi.

Yanzu ga abubuwa ukun da ake cakuɗawa, duk a kira su folish.

Na farko, folish na gaskiya. Shi aikinsa kankarewa ne. Yana da ƙananan ƙwayoyi masu kaushi da ke cin saman kiliya kaɗan, su daidaita ta, ƙananan zane su ɓace. Mai kaushi sosai shi ne kamfawun, irin su Farécla G3 da za ku gani a hannun masu fenti. Folish ba ya kare fenti daga komai, kuma duk lokacin da aka yi shi kiliya raguwa take yi. Wanda ke kai mota a yi mata folish da inji duk wata, cinye fentinsa yake yi da kuɗinsa. Sau ɗaya ko biyu a shekara ya isa, shi ma sai in da buƙata.

Na biyu, wakis. Shi rufi ne, ba ya kankare komai. Wanda ya fi shahara ana yin sa da kakin karnuba, wanda ake samu daga ganyen wata bishiya dangin giginya a arewa maso gabashin Brazil. Yana ba da sheƙi mai zurfi, musamman a baƙar mota ko ja, shi ya sa masu baje koli suke son sa. Matsalarsa ba ya daɗewa. Ko a ƙasashe masu sanyi, wata ɗaya zuwa uku yake yi.

Na uku, silan. Shi ma rufi ne, amma haɗin sinadarai ne na masana'anta, yana kama jikin fenti sosai, ya yi wata huɗu zuwa shida. Babban yayansa shi ne rufin seramik, wanda ke iya shekara biyu ko fiye in gwani ya shafa. Yana da tsada, kuma duk wani zane da ke jikin fentin a lokacin shafawa, an rufe shi ke nan a ciki.

To wanne ya dace da mu? Ku duba garin da muke ciki. A watan Afrilu da Mayu zafin Sakkwato yana haura digiri 40 a inuwa, jikin baƙar mota da ta yini a rana kuwa yana iya wuce 70. Wakis ba ya jimre wannan, nan da nan yake ƙarewa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu kuma ga hunturu da ƙurarsa, wadda da yawanta iska ke kwasowa tun daga kwarin Bodele a arewacin Chadi. Don haka ni a ganina, motar da ke yawo kullum silan ya fi mata. In kana son sheƙin ranar biki, sai ka ɗora wakis a kan silan ɗin. Kar ka juya tsarin, don silan ba ya kama jikin da ke da wakis.

Amma duk wannan sai bayan fenti ya gama shan iska. Na san tambayar da ke ranku: to in bikin saura sati biyu fa? Akwai mafita. Shi mai fenti yana iya goge sabon fenti da lallausan sanfefa mai lamba 1500 zuwa 3000 da ruwa, ya bi da kamfawun da folish, don waɗannan ba sa toshe fenti. Akwai kuma man sheƙi da aka yi musamman don sabon fenti, wanda ba wakis ba silikon a cikinsa, irin su Show Car Glaze mai lamba 7 na Meguiar's da Hand Glaze na 3M. Yana ba da ƙyallin kwana kaɗan, wanki ɗaya ko biyu ya tafi, amma ya fitar da kai kunya ranar biki. Ka karanta jikin robar kafin ka saya. In ka ga an ce yana karewa na watanni, to rufi ne, ajiye shi tukuna. Ka kuma yi hattara da mai silikon, don in aka zo gyaran wani gefe daga baya, sabon fenti ba ya kwanciya a kansa, sai ya yi ƙananan ramuka kamar idon kifi.

A cikin watannin jiran, wanki shi ne komai. Babban abin da ke kashe fenti a garin nan shi ne goge ƙura da busasshen tsumma da safe. Ƙurar nan yashi ce, kana gogawa kana zana fentin da hannunka. Ka fara kwarara ruwa ƙurar ta sauka. Ka yi amfani da bokiti biyu, ɗaya na sabulun mota, ɗaya na ɗauraye tsumma, tsumman kuma ya zama mai laushi irin na maikirofaiba. Omo da sabulun wanke-wanke a bar su a gida. A yi wanki a inuwa, da sassafe ko da yamma, a tsane ruwan nan take, don ruwan rijiya da na burtsatse in ya bushe a jiki yakan bar tabo. Kar a lulluɓe sabon fenti da tamfol, iska na kaɗa shi yana gurza ƙura a jiki. Inuwar dogon yaro tana da daɗi, amma kashin tsuntsu yana cin sabon fenti cikin sa'o'i, da ka gani ka wanke.

Kafin ka ɗauki mota daga wurin mai fenti, ka yi masa tambaya uku: Malam, wane irin fenti da kiliya ka sa? An gasa ko a iska ya bushe? Kwana nawa zan jira kafin in rufe? Kamfanonin fenti suna da takardar bayani ga kowane nau'i, mai fentin da ya san aikinsa zai ba ka amsa. In ba ka samu amsa ba, ka ƙirga wata uku. Mafi sauƙi ma, in ka san Sallah kake hari, ka kai motar tun saura wata uku.

Sai ku 'yan uwana matasa masu aiki a wuraren wankin mota. Wannan ilimi jari ne. Ranar da mai mota ya zo da fentin kwana biyar ya ce a shafa wakis, ka ce masa Alhaji a dakata, ga dalili, ka rasa kuɗin ranar, amma ka samu kwastoman da zai riƙa aiko maka abokansa. Masu wanki sun yi yawa a gari, waɗanda suka san fenti su ne kaɗan.

Nan za mu tsaya yau. Masu fenti da ke bibiyarmu, ku faɗa mana kwana nawa kuke ce wa mutane su jira, mu ƙaru da juna. Ku tura wa wanda kuka san motarsa na wurin fenti yanzu haka. Sai mun haɗu a shiri na gaba, ku huta lafiya.