Shafin da Ya Ƙi Buɗuwa a Babura

A bazarar 2024 wani Alhaji mai sayen riɗi da zoɓo a Babura ya kira ni ransa a ɓace. "Malam, shafin da ka yi mini ya mutu. Dillalaina na Roni da Gwiwa sun ce da sun taɓa sai gargaɗi ya tare su, wai wurin ba shi da tsaro." Na buɗe a kwamfutata nan Kazaure, shafi lafiya ƙalau, farashin ranar ma yana nan.

"Ranka ya daɗe, ba ni zuwa gobe," na ce.

Zargina na farko kuɗin haya ne. Sunan shafi da rumbun da yake zaune duk shekara ake sabunta su, kuma tun da aka saki naira a Yunin 2023 duk abin da ake biya da dala ya zama jidali ga masu ƙaramar sana'a irina. Na duba, an biya har ƙarshen shekara.

Sai na koma kan sabis, don Babura bakin iyaka ce, waya kan kamo layin Nijar. To amma me ya kai layin Nijar Roni? Na roƙi Alhaji ya turo yaronsa da wayoyin da ke ƙi. Ya zo da uku a aljihun riga, ɗaya an ɗaure murfinta da roba. Na haɗa su da intanet ɗin shagona, duk suka ƙi. Sabis ya fita daga zargi.

Mai robar na fara dubawa. Batirinta ya taɓa fita, agogonta ya koma shekarun baya, waya kuwa da kwanan wata take auna ingancin takardar tsaron shafi. Ina gyara agogon ta buɗe. Sauran biyun agogonsu daidai, gargaɗin kuma yana nan daram.

Da na leƙa cikin saitinsu ne na ga abin da ya haɗa su: dukansu Android 6. Takardar tsaron shafin daga Let's Encrypt take, wadda ake samu kyauta. Wayar da manhajarta ta gaza 7.1.1 ba ta san sa hannun wannan cibiya ba, ta yarda da ita ne albarkacin wata tsohuwar cibiya da ta tsaya mata, kamar baƙon da mai unguwa ya shaida. Tun 2023 aka sanar cewa wa'adin wannan shaida zai cika ranar 30 ga Satumba, 2024, kuma daga Fabrairun 2024 aka daina haɗa ta da sababbin takardu. Shafin Alhaji ya sabunta takardarsa da kansa, tsofaffin wayoyi suka daina gane shi.

Na sa wa yaron Firefox, mai tafe da nata jerin cibiyoyin, nan take shafi ya fito. Amma ba za a bi kowane dillali ƙauye ana sa masa manhaja ba, don haka na sauya takardar da ta wata cibiya da tsofaffin wayoyi suka sani.

'Yan'uwana masu wannan sana'a, musamman ɗaliban cibiyar Informatics da na Kwalejin Hussaini Adamu da ke shirin buɗe shago, ku ajiye tsohuwar waya ɗaya a kan teburinku, ku gwada kowane aiki a kanta kafin ku miƙa wa mai shi.