Wasan Bidiyo: Yawan Masu Bugawa Daban, Ciniki Daban

A shagunan gem na Wunti da Yelwa a Bauchi, na'urar PlayStation guda ba ta hutawa daga la'asar har dare, muddin akwai wuta ko man janareta. Wannan ya ɗauki Real Madrid, wancan Arsenal, wanda aka ci ya biya mai shago ya tashi, na gaba ya zauna. Amma a littafin kamfanin EA mai wannan wasan ƙwallo, duk wannan cincirindo kwafi ɗaya ne aka sayar. In kuma na sata aka ɗora wa na'urar, ko ɗayan ma babu.

Tsohon ma'aunin ke nan, wato kwafi nawa aka sayar. Da shi aka ce Minecraft ya haura miliyan 300 a 2023, GTA V kuma ya tara dala biliyan 1 cikin kwana uku da fitowarsa a 2013. Lissafi ne mai kyau, sai dai masu saye kawai yake gani.

Wayar hannu ce ta dagula shi. Free Fire, na kamfanin Garena da ke Singafo, kyauta ake sauke shi, kuma a 2021 ya wuce saukewa biliyan 1 a Google Play. Wannan adadi ya fi kowane ruɗi, domin yaron da ya sauke yau ya goge gobe saboda waya ta cika, shi ma an ƙirga shi. Shi ya sa kamfanoni suka fi kallon masu dawowa kullum, da kuma masu sa hannu a aljihu su sayi dayamon na cikin wasa don yi wa ɗan wasansu ado. Waɗannan ƴan tsiraru ne, amma su ke ciyar da kowa. Konami ma wannan hanya ya bi a 2021, ya mayar da wasansa na ƙwallo PES kyauta da sunan eFootball.

Nan ne aka bar mu ƴan ƙasar nan a baya. Muna da yawa, muna kwana bugawa, amma kuɗinmu data da caji yake tafiya, talla kuma ta fi tsada in ɗan Amurka ne ya kalla.

Matashin da ke koyon haɗa gem a jami'ar ATBU, tun kafin ka fara murnar yawan masu saukewa, zauna ka lissafa mutum nawa ne za su biya, kuma ta wace hanya.