Maciji da Baƙin Tsumma: Sabbin Ƙwayoyin Ƙwaƙwalwa da Tuna Tsoro

Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Masana ilmin halitta sun daɗe suna neman inda wannan gudun yake fitowa, kuma binciken ya kai su ga wani abu da a da ake ganin ba zai yiwu ba.

Tun zamanin Santiago Ramón y Cajal, masanin ƙasar Sifen, aka riƙe cewa da zarar dabba ta girma, ƙwaƙwalwarta ba ta sake haifar ƙwayar jijiya, watau niyuron. A 1965 Joseph Altman da Gopal Das suka nuna cewa manyan ɓeraye suna yin sabbin ƙwayoyi a wani sashe da ake kira hifokamfas, amma aka yi watsi da maganarsu shekaru da dama. Sai a 1998 Peter Eriksson da Fred Gage suka ba da rahoton irin wannan a ƙwaƙwalwar manyan mutane.

Tsoro yana da gida biyu a ƙwaƙwalwa. Amigdala, ɗan ƙullutu mai kamar ƙwayar gyaɗa, ita ce ke buga ƙararrawa. Hifokamfas kuwa shi ke riƙe bayanin wurin da abin ya faru: kamanninsa, warinsa, haskensa. Don a auna wannan, akan sa ɓera a akwati, a ɗan ja shi da lantarki a ƙafa. Kashegari in an mayar da shi, sai ya ƙame, ba ya motsi sai numfashi. Tsawon ƙamewar shi ne ma'aunin tunawa.

A 2006 masu bincike a ƙarƙashin René Hen, a Jami'ar Kolambiya ta Amurka, suka hana ɓeraye yin sabbin ƙwayoyi. Ɓerayen sun ci gaba da tsoron ƙarar da aka haɗa da jan lantarki, amma tsoron akwatin kansa ya raunana. A 2011 aka juya gwajin: aka sa sabbin ƙwayoyin su riƙa rayuwa, domin da yawansu kan mutu tun suna 'yan makonni. Waɗannan ɓeraye suka fi saura iya bambance akwatin da aka ja su a ciki da wani mai kama da shi. A nan ne batun tsumma ya shigo. Ƙwayar da ta kai mako huɗu zuwa shida tana da saurin amsawa da sauƙin ƙulla sabuwar alaƙa, kuma ana ganin hakan ne ke taimaka wa dabba ta raba abu biyu masu kama. Wanda yaƙi ko hatsarin mota ya firgita, har ƙarar rufe ƙofa ke sa shi rawar jiki, ana ganin wataƙila wannan rarrabewa ce ta gaza masa.

Sai dai abin yana da wata fuska, wadda ta fi ban mamaki. A 2014 Paul Frankland da Sheena Josselyn a Toronto ta Kanada suka koya wa ɓeraye tsoro, sannan suka ba su keken gudu, domin gudu yana ƙara yawan sabbin ƙwayoyi. Bayan makonni, masu gudun sun fi mantawa. Sabuwar ƙwaya in ta shiga tsohuwar hanya takan sauya ta, kamar sabon gini a tsohuwar unguwa. Masu binciken suna ganin wannan na daga dalilan da suka sa mutum ba ya tuna jariransa, lokacin da ƙwayoyin ke fitowa birjik.

Ya kamata ɗalibi ya lura cewa duk gwaje-gwajen tsoron nan a kan ɓeraye aka yi su. Game da ɗan Adam akwai jayayya. A 2013 wani bincike a Suwidin ya ƙiyasta sabbin ƙwayoyi kusan 700 kullum a kowane hifokamfas. A 2018 kuwa rahotanni biyu suka fito cikin makonni kaɗan: ɗaya bai sami kusan komai a manya ba, ɗayan ya samu har a tsofaffi. Wani ɓangare na saɓanin yana komawa ga yadda aka adana ƙwaƙwalwar bayan mutuwa, da tsawon lokacin da ta yi cikin sinadari kafin a duba ta.